Gayyar Ka'ak a Gidan Halti

A Sudan ba a biki sai da habiz. Habiz shi ne duk abin da mata ke kwaɓawa da fulawa da man shanu su kai gashi kafin sallah: ka'ak, guraiba, baskawit, betifor, minin. Musulmi na yin nasu a goman ƙarshe na azumi. Kiristocin Duwatsun Nuba da na Kudu suna yi a makon da ke gaban 25 ga Disamba. Kibɗawa, wato Kiristocin cocin Masar, da Habashawa kuma sai farkon Janairu, domin tasu Kirsimetin ranar 7 ga wata take kamawa. Ni Bahaushiya ce, Musulma, haifaffiyar Wad Madani, kuma a gidan Kirista na koyi ka'ak.

Kakata aure ne ya kawo ta Madani daga Mai Wurno, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka sauka bayan yaƙin Burmi na 1903. Abin da ta iya shi ne alkaki da nakiya da dubulan, na daka da na suya. Har Allah ya karɓi ranta ba ta yarda cewa abin da aka gasa ya kai wanda aka tsoma a mai ba. Saboda haka Inna ta taso gwanar dubulan, amma idan aka zo ga ka'ak sai ta nemi taimako, taimakon kuwa yana bayan katangarmu.

Maƙwabciyarmu mutuniyar wajen Kadugli ce, mijinta ya yi shekaru yana aiki a gonakin Jazira, yankin da Madani take ciki. Mu yara Halti muke ce mata, wato 'yar'uwar uwa da Larabci, Inna kuma ta kira ta 'yar'uwa. Tsakanin gidanmu da nata akwai nafaj, 'yar ƙofar nan da ake hudawa a jikin katanga don mata su shiga wajen juna ba sai sun yafa laffaya sun fita titi ba. Ta nan ake miƙo garwashi da gishiri, ta nan ake miƙa jariri idan uwarsa za ta kasuwa. Da azumi ya kai ashirin, Halti ce ke shigowa da katon bahonta ta zauna ta kama mana kwaɓi har dare ya raba, alhali ita ba azumin take ba kuma ba sallarta ba ce. Idan Disamba ya raba tsakiya sai mu ma mu ɗauki rariyarmu mu bi ta nafaj. Ba wanda ke aika wa wani goron gayyata. An san lokaci ya yi.

Aikin yakan fara da riɗi. A wanke shi, a tsame tsakuwa, a shanya a kan tabarma, a soya sama-sama har ya fara tsalle a kasko. A tankaɗe fulawa. A daka sukari a turmi a tankaɗe shi shi ma har ya zama gari. Wannan duk aikin rana ne, na 'yan mata. Kwaɓi kuwa sai bayan isha'i, kuma na manya ne.

Ma'aunin Halti bai taɓa canzawa ba: kilo ɗaya na fulawa, kusan rabin kilo na man shanu. Takan tara fulawar a baho ta yi rami a tsakiya ta zuba riɗin. Man yana kan kanun, wato murhun gawayi, tana tsaye a kansa. Sai ta ɗebi ɗan gari da yatsu biyu ta jefa a ciki. Idan ya yi cuuu ya taso da kumfa, man ya isa. Ta juye shi a kan riɗin, ƙamshi ya tashi ya cika unguwa, kowa ya san yau ana habiz a gidan wance. Da muciya ake fara juyawa saboda zafi. Idan ya huce sai a sa tafin hannu a yi ta murzawa har kowane ƙwayar gari ya sha mai. Gwajinta shi ne ta dunƙula a hannu ta buɗe. In ya tsaya da shatin yatsunta, to, sai a zuba yis da aka jiƙa a madara mai ɗumi da ɗan sukari.

A nan ne take fi tsananta mana. "'Yata, haɗa shi kawai, kada ki buga shi. Wannan ba burodi ba ne." Kwaɓin da ya sha bugu ka'ak ɗinsa tauri yake yi, ya ƙi narkewa a baki. Na ga mata da yawa suna zargin fulawa ko mai gidan burodi, alhali daga hannunsu matsalar ta fito.

Bayan ya ɗan tashi sai a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a jawo angare, gadon nan na igiya, gefe don tsofaffi, a zauna da'ira. Wasu na gutsura suna mulmulawa, wasu na riƙe da munƙash, ɗan matsefin ƙarfe mai haƙora da ake tsunkule saman ka'ak da shi. Zanen ba na ado kaɗai ba ne, a cikin waɗannan ramukan garin sukari ke maƙalewa idan an barbaɗa. Kowace mace da irin zanenta, har ana iya gane hannun Inna a cikin faranti guda, don ita layi uku take ja ta tsaya. Ƙananan yara ana ba su guntun kwaɓi su yi kifi ko kada ko agogon hannu, a sa musu a kusurwar faranti. Sanyin Disamba a Jazira da dare ba wasa ba ne, iska daga arewa take kaɗowa, don haka shayi da madara ba ya sauka daga wuta. 'Ya'yan Halti mata suna rera waƙoƙin cocinsu da yarensu, Kaka tana gyangyaɗi tana jan carbi, in ta farka ta ce ka'ak ɗin ya yi ƙanana.

Baskawit aikin samari ne, domin da injin niƙa nama ake fitar da shi, a ɗaura masa bakin ƙarfe mai tsagi, ɗaya na juya hannu ɗaya na tarar dogon zaren kwaɓin yana yankawa. Ana sa masa nashadir, farin garin ammoniya mai sa kwaɓi tashi, a narka a madara. Warinsa yana sa hawaye, baƙo sai ya rantse an ɓata kwaɓin, amma zafin wuta yana kore shi gaba ɗaya ya bar baskawit ɗin sakayau, irin wanda ke shan shayi ba ya dagargajewa. Guraiba kuwa Halti ba ta bari kowa ya taɓa. Man shanu da garin sukari take bugawa da hannu har su yi fari, ta zuba fulawa, ta mulmula ƙanana, ta soka kanumfari ɗaya a kan kowace.

Wanda bai taɓa kai faranti gidan burodi a daren habiz ba, ya yi rashi. Gidaje kaɗan ne ke da tandar da za ta ɗauki wannan yawan, saboda haka kowa furun ɗin unguwa, wato gidan burodi, yake kaiwa. Mu jera faranti a ka, bibbiyu da tsinken kara a tsakani, mu bi layi cikin duhu. Kowane gida da alamarsa a gefen faranti, wasu da alli, wasu da ɗan kwaɓi da aka manna. Mai gashi ba ya karɓar habiz sai ya gama burodin safe, don wutar burodi ta fi ƙarfin ka'ak. Idan tanda ta fara sauka sai ka'ak ya shiga, sannan baskawit, guraiba a can ƙarshe, domin ita fara ake so ta fito, da ta yi ja ta tashi daga guraiba. A kan kowane faranti ake biya. Halti takan tsaya a bakin tanda da kanta tana cewa "Ɗana, fito da na baya, ya yi," shi kuma yana cewa "Hajja, bar ni da aikina," ko da yake ya san ba Hajja ba ce. Kusan asuba muke komawa, faranti na ƙona mana kai ta cikin gammo. Idan ya huce sai a jera a bokitai masu murfi, a tura ƙarƙashin gado, a gargaɗi yara.

Daren 24 ga wata su Halti suna coci, muna jin gangunansu daga nesa. Da safe sai ta aiko a kira Baba ya yanka mata akuya, don ta san in ba haka ba maƙwabta ba za su ci ba, ita kuma ba ta yarda ta dafa abin da za mu ƙi. Tsakar gidan an share an yayyafa ruwa, an sa sababbin zannuwan gado, turaren wuta na tashi, ƙafafunta sun sha lalle. Ana soya bunna, wato 'ya'yan kofi, a gaban baƙi, a daka da citta, a zuba a jabana, 'yar butar kofi. Faranti na zagayawa da ka'ak da dabino da alewa. A gefe guda kuma ga dubulan ɗin Kaka, wanda ta kwana biyu tana naɗawa, don ta ce ba za a yi biki a bayan katangarta ba tare da abin Hausawa ba. Da yamma ƙanin Baba, mai sayar da agashe, wato tsire, a kasuwa, yakan zo da nasa a naɗe a takarda.

Akwai wani ɗan'uwanmu da ya taɓa yi wa Inna magana cewa bai kamata mu shiga hidimar bikin da ba namu ba. Inna ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Malam, coci ban je ba, sallata ban bari ba. Amma matar nan ita ta riƙe ni ranar da na haihu babu kowa a gida, ita ta yi mini kwaɓin sallah da bakina ke bushe. In na ga tana aiki ita kaɗai na rufe nafaj, me zan ce wa Allah a kan haƙƙin maƙwabci?" Ni ma a nan na tsaya har yau. Mun bambanta da Halti a kan wane ne Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta sani, mun sani, ba mu taɓa ɓoye wa juna ba. Ta taɓa sa ni na karanta mata Suratu Maryam ina fassarawa, da muka zo wajen da naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino sai ta ce in sake maimaita mata wurin.

Shekaru sun yi ta rage yawan farantan. Bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011, gidaje da dama a layinmu suka kwashe suka tafi, Kirsimeti kuma ta daina zama ranar hutu, 'ya'yan Halti na fita aiki da makaranta a ranar bikinsu. A Disamban 2018 fulawa ta yi wuya, burodin fam ɗaya ya koma fam uku, mutanen Atbara suka fito titi ranar 19 ga wata. A shekarar layin burodi ya hana mu samun wuri a furun, sai a gida muka gasa ɗan abin da ya samu. A 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta maido da hutun 25 ga Disamba, Halti ta yi habiz har da na rabawa layi biyu.

A Disamban 2023 an riga an sayi fulawa, riɗi yana shanye a tabarma, yaƙin basasar Sudan ya iso Madani, saura mako guda Kirsimeti. Mu muka yi gabas ta hanyar Faw zuwa Gadarif. Su Halti suka yi kudu ta Sinnar, daga baya muka ji sun sauka Kosti wajen ɗanta. Ba mu yi sallama ba, don kowa ta ƙofar titi ya fita.

Yanzu a Gadarif nake, garin riɗi da dawa, kusa da iyakar Habasha. Ɗakin da muke haya yana jikin na wata Bahabashiya mai sayar da shayi. Su azumin kwana 43 suke yi kafin 7 ga Janairu, ba nama, ba madara, ba ƙwai, ba man shanu. Da ta ga ina ka'ak ɗin ƙaramar sallah sai ta roƙe ni in yi mata na bikinsu don 'ya'yanta da aka haifa a nan, waɗanda suka saba da shi a gidajen ƙawayensu. Tana kwaɓawa amma ba ta da damar ɗanɗanawa, don haka ni ce bakinta: in gutsura in ce a ƙara riɗi, ko in ce ya yi. Ni kuma ina taya ta yankan albasar miyar kazarsu, wadda ke cin albasa fiye da duk miyar da na sani. Man shanu ya yi tsada ƙwarai, sai mun haɗa shi da man gyaɗa, kuma a baki ana jin bambancin. Riɗi kaɗai ne ba mu tsuke hannu a kansa ba, tunda a gonakin garin nan ake noma shi.

Halti ta tsufa, hannunta ba ya iya murza kilo biyar kamar da. Takan turo mini saƙon murya ta WhatsApp ɗin jikarta, gaisuwa kaɗan, faɗa da yawa: kada in bar 'yata ta buga kwaɓi, kada in sayi nashadir ɗin da ya sha iska. Bana na ce mata ta huta, ni zan yi mata na 25 ga wata in ba direban motar Kosti. Ta amince, amma da sharuɗɗa. Ka'ak a ƙasan bokiti, baskawit a sama, takarda tsakanin kowane jeri. Garin sukari a ƙulla shi daban a leda, ita za ta barbaɗa da kanta idan baƙi sun zo. Guraiba kuwa ta ce kada in wahalar da kaina, ba za ta jure ramukan hanya ba, gari za ta iso. A madadinta in cika wurin da dubulan irin na Kaka, mai tsamiya a ruwan sukarinsa.