Iska ce ke cin boris

Shekara 11 ke nan ina gyaran kwamfireso, wato injin matsa iska, a Sakkwato, ni da yarana uku a shago. Masu gidan fiya wata ne suka fi kawo mana aiki, sai masu casar shinkafa, sai masu haƙar burtsatse idan rani ya kama.

Wanda muka fi buɗewa shi ne mai sukuru, irin da wani injiniya ɗan Suwidin, Alf Lysholm, ya fito da shi a shekarun 1930. Cikinsa ƙarafa biyu ne masu murɗi, namiji da mace, galibi namijin haƙora 4, macen rami 6. Suna juyawa, iskar da suka kamo tana matsuwa har ta fita ta ɗaya ƙarshen.

Mai inji ya ɗauka nauyin ƙarfen ne ke kashe boris, wato abin da ke riƙe sandar sukurun tana juyawa. Ina! Wannan nauyin ai yaro ma ya ɗaga shi. Matsattsiyar iskar nan ce, kuma turi biyu take yi. Tana ƙoƙarin raba namiji da mace, wannan borisai masu gungume ke tare shi. Sannan tana tunkuɗa su a tsaye, daga bakin fita zuwa bakin shiga, wannan kuwa borisai masu ƙwallo da ke ƙarshen fita ke riƙewa, na namijin ya fi shan wahala. Ratar da ke tsakanin kan sukuru da murfi ba ta wuce kaurin gashi ɗaya ko biyu ba. Boris ya saki, sukuru ya gusa, iska ta ragu; aka ci gaba da aiki, ƙarfe ya ci ƙarfe.

A watan Afrilu, ana tsakiyar zafin nan da ke haura digiri 40, wani Alhaji ya kira ni.

"Malam, wanga inji kuka yake yi, kuma bara ka canza mai boris."

Na je. Yaronsa ya murɗa matsin daga lamba 8 zuwa 10 a ma'aunin matsin iska (bar) don aiki ya yi sauri, ya kuma ɗaure bel kamar igiyar guga. Bel mai tsauri jan sandar yake yi gefe, ƙari kan abin da iska ke yi. Filta cike da ƙurar hunturu, mai ya tsinke kamar ruwa.

Na ce, "Alhaji, boris mai ƙwallo in ka ninka masa kaya, ba rabin kwanansa ke raguwa ba. Kashi ɗaya cikin 8 ke saura."

Ya yi shiru, sannan ya tambaya ko akwai na tokumbo mai sauƙi. Na ce ni dai ba na sa shi a ƙarshen fita, ko da zai kai aikin wani wuri. Bai kai ba. Muka yi odar sababbi daga Kano, kwana huɗu wurin aikinsa yana rufe. Kafin mu ɗaure, na sa yaron nasa ya riƙe tsohon boris ɗin ya juya shi da yatsa, ya ji yadda yake gurza kamar da yashi a ciki.