Saƙar kwarashi tsakanin La'asar da Magariba

Duk wadda ta ga bakin mayafin da na saƙa, tambayarta ɗaya ce: "Malama, ke yaushe kike samun lokaci?" Tambayar tana kan hanya. Ina koyarwa a makarantar firamare a Zariya, ga yara uku, ga Hajiya mahaifiyar maigida da ke zaune tare da mu, ga littattafan ɗalibai da nake kwasowa gida don dubawa.

Lokacina yana farawa da zarar yara sun fita Islamiyya bayan La'asar. Kafin nan na riga na ɗora sanwa, markaɗe kuwa tun ranar Asabar nake yinsa in soya in adana. Sai in bar waya a ɗaka, in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗauko gwangwanin da nake ajiye zare da kwarashi. Ba na yarda in yi da dare. Siririn zare yana son hasken rana, kuma wadda ta dage da saƙa a hasken tocila idonta zai gaya mata. Hajiya ma ta saba; takan jawo kujerarta kusa, tana jan carbi, jefi-jefi ta ce, "Wannan furen ya fi na jiya cika."

Na zaɓi leshin kwarashi ne saboda madauki ɗaya tak ke kan ƙugiya a kowane lokaci. In aka yi sallama ko tukunya ta tafasa, sai in ja madaukin ya yi tsawo, in ajiye, in dawo in tarar da aikina yadda na bar shi. Leshin da matan Bruges a Beljiyam suka shahara da shi ba haka yake ba. Shi ana kafa fil-fil ne a kan matashi, ana sarƙa zaren da aka naɗa a ƙananan sanduna masu yawa. Ina kallonsa a YouTube, yana burge ni ƙwarai, amma gidan da ke da mai rarrafe ba wurin baza fil ba ne. Na Alençon a Faransa kuwa da allura ake yi, kuma santimita ɗaya murabba'i kan ci kimanin awa bakwai; UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2010. Irin da nake yi ya fi kusa da na matan Ireland, waɗanda suka riƙe gidajensu da kwarashi lokacin yunwar shekarun 1840, suna saƙa a tsakanin hidimar gida.

Abin da ya fi yi min wuya shi ne masu cewa in mayar da shi sana'a. Yayata kullum sai ta ce, "Ki buɗe shafi a Instagram mana, kuɗi kike zubarwa." Na san don ƙauna take faɗa. Amma wa zai biya makonnin da bakin zanin gado ɗaya ke ci, alhali ga leshin inji birjik a kasuwa da araha? Kuma ranar da na karɓi kuɗin wata amarya, dole in saƙa ko ina so ko ba na so, har da dare, har da ranar da yaro ke zazzaɓi. Aikin makaranta na da wa'adi, girki na da wa'adi. Wannan kaɗai nake yi ba mai jirana, kuma haka nake son ya zauna. Abin da na gama nakan ba da shi a suna ko a saka cikin kayan ɗakin 'yar uwa.

Akwai lokutan da gwangwanin ba ya buɗuwa sam: makon jarrabawa, da kusan duk watan azumi. Ba na jin ciwon haka.

Wata abokiyar aikina ta nemi in koya mata, muna yi a ɗakin malamai lokacin tara. Na hana ta farawa da zare mai lamba 20 ko 30, domin lamba na hawa zare na ƙara sirancewa. Na ba ta na auduga mai lamba 10 da kwarashin ƙarfe na milimita 1.75, na ce ta fara da bakin hankici. Yanzu ta zagaye gefe biyu, kusurwa ce ke ba ta wahala, ita za mu zauna a kai ranar Litinin.