Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar autanmu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, autanmu ya kammala allurar kemo, wato maganin ciwon daji, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, mun dawo gida Argungu.

Da kumburin ya fito masa a muƙamuƙi, kowa cewa ya yi hangum ne, wasu suka ce haƙori. Kafin mu ankara fuska ta karkace, haƙora na girgiɗa. Sai da aka yanki ɗan nama aka gwada, likita ta ce ciwon daji ne mai suna Burkitt, sunan likitan da ya fara bayaninsa a Yuganda a 1958. Ta ce ya fi kama yara a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, irin namu na bakin fadama, yana da saurin girma, amma yana jin magani idan an zo da wuri. Mun gani da idonmu: tun zagayen farko kumburin ya fara saɓewa.

Likitocin yara da nas-nas, Allah ya saka muku da Aljanna. Ranar da gashinsa ya zube, bakinsa ya yi gyambo, wata nas ce ta zauna tana lallashin mahaifiyarsa bayan ta tashi aiki.

Amma waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne masu ba da jini. Kemo na cinye jini, kuma jini ba abin da za ka sayar da buhun shinkafa ka auno a kasuwa ba ne. Abokan sana'ata, samarin unguwarmu, har da wani ɗalibi da ya ga sanarwa a WhatsApp ya zo ya miƙa hannu, ya tafi bai ko karɓi kuɗin mota ba. Jininku na jikin yaron nan.

Kawu da ya sayar da bijiminsa, Inna da ta riƙe mana sauran yara, limaminmu da jama'ar masallaci, Allah ya bar zumunci.

Masu son zuwa dubiya, ku gafarce mu. Likita ta ce garkuwar jikinsa ba ta dawo ba tukuna, don haka mai mura ko tari, ko wanda ke da mai ƙyanda a gida, ya dakata. Akwai sauran komawa asibiti don a riƙa duba shi, a ci gaba da sa mu a addu'a.