Komawa Ga Addu'ar Safiya A Ingila

Tambayar da ta fi kunyata mu da muka zo aikin kula da tsofaffi a Ingila gajeriya ce. Mama za ta kira daga Jos ko Kafanchan, a gama gaisuwa, sai ta ce, "Ina kuka karanta yau?" Nan take baki ya yi nauyi, don Littafi Mai Tsarkin da ta cusa maka a jaka yana can ƙarƙashin takardun biza, wata uku ba a buɗe shi ba.

A gida gidan ne gaba ɗaya ke ɗauke da ibadarka. Ƙarfe biyar Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa, wani ya ɗaga waƙa, ko da barci a idonka ka amsa. A nan jadawalin aiki ne ke mulki: awa 12, daga takwas zuwa takwas, wannan makon rana, na gaba dare, Lahadi ma ba a tsira ba. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, kafin huɗu na yamma ta faɗi. Babu mai tashinka, babu mai cigiyarka in ba ka je sujada ba.

Saboda haka kada ka ɗaura addu'arka a kan agogo. Ɗaura ta a kan tashi daga barci, ko da biyu na rana ka tashi bayan aikin dare. Ka sauko daga gado, ka wanke fuska, ka zauna a kujera, don mai addu'a a cikin bargo lokacin sanyi ba ya kaiwa "Amin". Minti 10 sun isa a farko: Zabura ɗaya, ayoyi 10 zuwa 15 daga Markus, Addu'ar Ubangiji, sai sunayen mutum uku da za ka kai gaban Allah. Markus surori 16 ne kawai, a haka cikin wata biyu za ka gama, kuma gamawar tana ƙarfafa zuciya ƙwarai.

Abin da ke rushe yawancinmu zafin nama ne. Kunya ta kama mutum, ya yi alkawarin awa guda kullum har da azumin kwana uku, ranar huɗu ya faɗi, ya sake bari. Haka ma ramuwa: in ka tsallake kwana biyu, ci gaba daga inda ka tsaya, ba bashi ba ne. Waya kuma tana da amfani a cikin bas, akwai fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki a manhajar YouVersion, amma a ɗaki littafin takarda ya fi, don saƙon WhatsApp ɗaya ya isa ya kwashe minti goman.

Waƙa ce ta fi ciwo. Bangon gidajen haya a nan ba kauri, maƙwabci na jin tarinka, balle waƙar asuba. Sai dai a yi ta ƙasa ƙasa, baiti biyu daga Littafin Waƙoƙi, kuma ni dai ina ganin kada a bar ta, don da Hausa muka koyi roƙon Allah. Daniyel ma a baƙuwar ƙasa yake durƙusawa sau uku a rana, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima.

Sujadar Lahadi tana son shiri. Nemi musayar rana da abokin aiki tun kafin a fitar da jadawali, ka kuma duba lokacin bas, don ranar Lahadi ba su da yawa. Cocin Angilikan da dama suna yin Jibin Ubangiji a tsakiyar mako. Za ka ji sujadar nan wani iri, ba ganga, ba zumuntar mata da ankonsu, awa ɗaya an tashi. Tsaya ka sha shayin da ake bayarwa bayan sujada, a nan ake sanin sunanka.

In kana son haɗuwa da na gida ta waya, lura da lokaci. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris, Najeriya na gaba da awa ɗaya, wato biyar ɗin Baba huɗu ce a wurinka. Addu'ar dare ta fi sauƙi, sau ɗaya a mako, ranar da ba ka aiki. Ka roƙi Mama ta faɗa maka surar tun da rana, ka ce kuma a bar ƙannenka su ɗaga waƙar.