Yadda na daina kwana da waya lokacin zaɓe

Wallahi zaɓen 2023 ya kusa sa min hawan jini. Ga wahalar canjin kuɗi, ga daren 25 ga Fabrairu da na kwana ina latsa waya, wannan ya ce an ci wancan ya ce ƙarya ne, guruf ɗin gidanmu na WhatsApp kuwa ya koma filin dambe har ni da Yaya muka yi kwana uku ba ma gaisawa, a kan mutanen da ko sunanmu ba su sani ba fa.

Da aka ɗaga na gwamna zuwa 18 ga Maris sai na canja salo. Bayan Asuba ba na taɓa waya. In zauna kan sallaya, in ja numfashi a hankali, in ƙirga huɗu, in sauke. Tunanin siyasa ya faɗo min, in ce to na gan ka, in koma kan carbina. Minti goma kacal. Har cittar da ke cikin shayina na fara jin ɗanɗanonta.

Ranar zaɓe na kaɗa ƙuri'ata na dawo na sha barci har La'asar, Yaya ne ma ya tashe ni wai in ara masa caja.