Abin da rumfar tsire ta koya mini a bukukuwan ƙarshen hunturu na Cornwall

Cornwall ita ce gunduma ta ƙarshe a kudu maso yammacin Ingila. Teku ya kewaye ta ta fuska uku, kogin Tamar kuma ya raba ta da maƙwabciyarta Devon ta gabas. Ƙidayar 2021 ta nuna mazaunanta kimanin 570,000 ne, amma wanda ya zo a watan Agusta zai rantse sun ninka haka, wanda ya zo a Janairu kuma zai ɗauka an yi ƙaura daga garuruwan bakin ruwa, domin kantuna da gidajen abinci da yawa rufewa suke yi idan sanyi ya kankama, ba su sake buɗewa sai hutun Ista ya gabato. A nan neman abinci ya zaunar da ni da iyalina, kuma a 2025 ni da uwargida muka kafa rumfar tsire da masa da zoɓo a kasuwanni da bukukuwan da ake yi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da hunturu ke janyewa, furanni ke tsirowa, kowane gari kuma yake fito da al'adarsa fili.

Kafin a hura wuta akwai takardu, kuma su ne suka cinye mana watannin sanyi. Doka ta wajabta wa mai sayar da abinci ya yi rajista da majalisar gunduma aƙalla kwana 28 kafin ya fara ciniki. Rajistar kyauta ce, amma bayanta jami'in tsafta zai zo ya duba kicin da firji da littafin da ake rubuta zafin nama da sanyinsa, sannan ya ba da maki daga 0 zuwa 5, kuma masu shirya bukukuwa da yawa ba sa ko sauraron wanda makinsa ya yi ƙasa. Suna neman takardar inshorar da za ta biya diyya idan wani ya ji rauni a rumfarka, wadda galibi ake so ta kai fam miliyan 5, da shaidar cewa ƙwararre ya duba murhun gas ɗinka. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne lokaci. Kwamitocin da ke shirya yawancin bukukuwan nan 'yan sa-kai ne na gari, malaman makaranta da masu kantuna da tsofaffin da suka yi ritaya, kuma tun cikin hunturu suke raba wuraren kafa rumfa. Wanda ya jira sai rana ta fito kafin ya nemi wuri zai tarar an gama rabo.

Yajin tsire ya zo da tasa matsalar. Gyaɗa tana cikin abubuwa 14 da dokar Birtaniya ta ce dole a sanar da mai saye idan suna cikin abinci, saboda akwai mutanen da ɗan ƙanƙanin abu daga cikinta kan toshe musu numfashi har ya kai su asibiti, ko ma kabari. Tsire kuwa ba ya tsire sai da ƙuli-ƙuli. Mun rubuta gargaɗin da manyan haruffa a gaban rumfa, muka ware wa masa nata kasko da cokali da faranti, uwargida kuma ba ta taɓa nama idan tana kan tanda. Na yi zaton allon zai kori masu saye, sai na ga iyaye mata sun fi sakin jiki da rumfar da ta faɗi abin da ke cikin abincinta tun ba a tambaye ta ba.

Bikin farko a jerin shi ne ranar Waliyyi Piran, 5 ga Maris, wanda mutanen Cornwall ke ɗauka a matsayin majiɓincin masu haƙar kuza. Ranar ko'ina tutarsu ce, baƙa mai farin gicciye, yara 'yan makaranta suna jerin gwano a Truro da Penzance da sauran garuruwa, a Perranporth kuma jama'a kan taka cikin tuddan yashi zuwa kufan tsohon ɗakin ibadarsa. A shekarar azumi ya kama tun farkon Maris, don haka da baki a rufe muka yi cinikin watan gaba ɗaya, muna gasa naman da ba za mu ɗanɗana ba sai rana ta faɗi. Ciniki bai taka kara ya karya ba, domin ranar ta abincin gargajiyarsu ce, wato pasty, burodin da ake naɗe naman sa da dankalin Turawa da albasa da wata saiwa mai ɗan zaƙi a cikinsa, wanda tun 2011 doka ta hana a kira shi na Cornwall sai an yi shi a cikin gundumar. Baƙon abinci ba ya gasa da wannan a ranarsa. Waɗanda suka riƙe mu a watan su ne ma'aikatan gonakin furen daffodil, waɗanda ake tsinka daga Janairu zuwa farkon Afrilu. Da yawansu Musulmi ne daga ƙasashen tsakiyar Asiya da suka zo da bizar aikin gona ta 'yan watanni, kuma da zarar sun ji naman halal ne sai su saya su ƙulle domin buɗa-baki.

Ranar Lahadi 30 ga Maris abubuwa uku suka haɗu: aka tura agogo gaba da awa ɗaya, Turawa suka yi ranar iyaye mata, mu kuma da muka bi ganin watan Saudiyya muka yi Sallah ƙarama. Daga nan yini ya fara tsawo, masu kantuna suka shiga fenti da wanke tagogi. Sai dai hirar da ake yi a bayan rumfuna ba ta murna ba ce. A watan Afrilun ne mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa fam 12.21 a awa, kuɗin inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikaci ke biya ya koma kashi 15 cikin ɗari, kuma a watan ne majalisar gundumar ta ninka harajin gida a kan masu gida na biyu, wato mutanen Landan da sauran birane da ke sayen gidaje a bakin ruwa su bar su a rufe mafi yawan shekara. Maƙwabciyata mai sayar da cuku ta goyi bayan harajin saboda 'ya'yanta sun kasa samun gidan haya a garin da aka haife su, mai gidan shayin da ke ba mu ruwan zafi kuwa tsoro yake ji kada masu kuɗin su sayar da gidajen su tafi da cinikinsa. Na saurari kowannensu ban tsoma baki ba, kodayake a raina na fi karkata ga mai cuku, domin garin da ma'aikatansa ba su da wurin kwana ba zai daɗe yana karɓar baƙi ba.

Ranar da ta fi kowace albarka gare mu ita ce ta Trevithick a Camborne, wadda ake yi Asabar ta ƙarshen Afrilu domin tunawa da Richard Trevithick, injiniyan da ya hau tudun garin da motarsa mai aiki da tururi a jajibirin Kirsimeti na 1801. Camborne ba ta bakin ruwa, ba ta da kyan da ke jawo masu yawon buɗe ido, kuma tun da aka rufe South Crofty a 1998, mahaƙar kuza ta ƙarshe a gundumar, garin yake fama da rashin aikin yi. Amma a ranar ana rufe tituna, tsofaffin injunan tururi su jero suna huci da hayaƙi, yara su yi rawar masu haƙar ma'adinai da safe, manya su yi tasu da rana, kuma ba a biyan ko sisi a shiga. Mutanen da suka cika titi 'yan gari ne, ba su da kuɗi da yawa, shi ya sa muka rage girman tsinke muka rage farashi domin uba mai 'ya'ya uku ya iya saya wa kowa. Kafin la'asar nama ya ƙare. Wani dattijo ya tsaya ya shaƙi ƙamshin yajin, ya gaishe ni da Hausar da ta tsufa a bakinsa, ya ce ya yi aikin kuza a Bukuru yana saurayi bayan ya gama makarantar haƙar ma'adinai ta Camborne. Ya dawo da matarsa da jikokinsa, daga baya kuma ta hanyarsa muka sami aikin abincin wani taron iyali. Masu yawon buɗe ido sukan saya sau ɗaya su ɗauki hoto su wuce, amma fuskokin Camborne mun ci gaba da ganinsu a kasuwar mako har ƙarshen kakar.

Padstow a ranar 1 ga Mayu da Helston a ranar 8 ga Mayu kallo kawai muka je, kuma ina ganin hakan ya fi dacewa. A Padstow dodanni biyu masu siffar doki, na masu jan ƙyalle da na masu shuɗi, suke zagaya gari da ganguna tun safe har dare, titunan kuma sun yi ƙunci ƙwarai. A Helston ana fara rawa da ƙarfe 7 na safe, sai ta yara sanye da fararen kaya, sai ta tsakar rana inda maza ke sa doguwar hula da kwat, mata kuma dogayen riguna, suna shiga kantuna da gidaje ta wata ƙofa su fita ta wata, bayan an ƙawata ƙofofin da furanni da ganye. Waɗannan ranaku na 'yan gari ne kafin su zama na kowa, kuma mai rumfar da ya zo musu da hayaƙin gawayi ba tare da ya san kowa ba zai fi zama cikas a kan hanya.

Kasuwannin bakin ruwa kuwa iska ce mai mulkinsu. Rumfar tamfol da ba a ɗaure wa kowace ƙafa nauyi ba tashi take yi, kuma masu shirya kasuwa kan soke ranar gaba ɗaya idan hasashen yanayi ya nuna guguwa, alhali ka riga ka yanka nama ka jiƙa shinkafar masa. Saboda haka muka koma duba hasashen tun ranar Laraba kafin mu yi odar naman Asabar. Tsuntsayen teku suna fizge tsire daga hannun mai ci kamar yadda shirwa ke yi a bakin mahauta, har sai da muka riƙa naɗe shi a takarda muna gargaɗin mai saye ya juya wa ruwa baya. Kusan kowa da kati yake biya, sabis ɗin waya kuma yakan ɗauke a tashoshin jiragen ruwan da ke ƙarƙashin tudu, don haka ƙaramin canji a gwangwani bai daina amfani ba.

Naman halal daga wajen gundumar ake kawo mana shi, abin da ke ƙara tsada, kuma mutanen nan suna son su ji cewa abin da suke ci daga ƙasarsu ko tekunsu ya fito. Uwargida ce ta kawo shawarar mu gwada yajin a kan kifin da muke kira titus a gida, wanda masu ƙananan jiragen yankin Newlyn da St Ives ke kamawa da ƙugiya. Muka sami wani mai sayar da kifi da ya yarda ya ware mana idan an samu, muka rubuta sunan tashar da aka sauke shi a kan allo, kuma a makonnin ƙarshen Mayu kifin ya riƙa ƙarewa kafin naman. Babban baje kolin noma na Wadebridge da ake yi a farkon Yuni ya fi ƙarfin jarinmu, don haka muka bar shi, muka mayar da ribar kan sayen firji na biyu da ƙarin nauyin ɗaure rumfa, sannan na rubuta wa kwamitin Camborne tun a watan Yuni ina neman wurinmu na baɗi.