Da numfashi ake buga "Tommy"

Wanda duk ya bi gasar cin kofin duniya ta 2010 ya ji ƙungiyar Focus, ko da bai san sunanta ba. Kiɗan nan mai gudu da ke tallar Nike, wanda wani ke rangaɗa murya a ciki kamar mai guɗa, nasu ne. Sunansa "Hocus Pocus", shi ne ya buɗe faifansu na biyu, Moving Waves, wanda ya fito a 1971. 'Yan ƙasar Holan ne, daga Amsterdam, amma a Landan suka naɗi faifan, Mike Vernon ne ya shirya musu shi.

Ni ba wannan ne ya kama ni ba. Gefe na biyu na faifan gaba ɗaya kiɗa ɗaya ne, "Eruption", wajen minti 23, an gina shi a kan tatsuniyar Girkawa ta Orfiyus da matarsa Yuridis. A tsakiyarsa akwai wani ɗan yanki mai suna "Tommy", inda Jan Akkerman ke jan jita a hankali, ogan ɗin Thijs van Leer na shimfiɗe a ƙarƙashi. Shi na ƙudurta sai na iya, kuma da kunne, don ban iya karanta rubutun kiɗa ba.

Gano wuraren da yatsu za su sauka bai ba ni wahala ba. Na rage gudun kiɗan a kwamfuta, na bi shi gaɓa-gaɓa har na haddace. Amma in na naɗi kaina na saurara, sai in ji abu salam, ba gishiri. Komai na nan daidai, amma ba rai. Na ɗora laifin a kan kayana, tunda shi Akkerman jita ƙirar Gibson Les Paul yake riƙewa, ni kuwa tawa jitar ta hannu ce, tsirkiyarta ta uku ma ba ta zama a saiti.

Ashe ba Akkerman ne ya tsara "Tommy" ba. Tom Barlage ne, mai busa saksafon a wata ƙungiyar Holan ɗin, Solution, waɗanda suka fi Focus karkata ga jaz. Shi ya sa aka sa wa yankin sunansa, kuma Solution ɗin sun saka shi a faifansu Divergence na 1972. Da na saurari nasu sai na gane inda gizo ke saƙa. Mai busa dole ya tsaya ya ja iska, don haka kiɗan kansa an gina shi ne da wuraren hutawa. Mai jita ba abin da ke tilasta masa tsayawa, yatsu sai su yi ta zuba. Akkerman, duk da saurin hannunsa da ya sa masu karanta jaridar Melody Maker suka zaɓe shi gwanin jita na duniya a 1973, a nan yana tsayawa daidai inda mai busa zai tsaya.

Sai na canza salon atisaye. Ina rera kowace gaɓa da baki ina bugawa, inda numfashina ya ƙare in ɗaga yatsa. Na kuma daina kaɗa tsirkiya da zarar na taɓa ta. Nakan tura ta sama da yatsu uku, na zobe a gaba, biyu na tallafa masa, in bar sautin ya tsaya cak tukuna, sannan in girgiza shi a ƙarshe. Fatar kan yatsuna ta sha wuya, har ta ɗaye ta sake fitowa.

Abu na biyu, ganga. Mai gangar Focus, Pierre van der Linden, ɗan jaz ne a zuci, bugunsa na tafiya yana lanƙwasa, ba ya zama ɗaya kamar na inji. Muddin ina bin na'urar ƙidayar bugun kiɗa, sai in riga shi isa. Da na kashe ta na koma bin farantan gangarsa da jitar bes ta Cyril Havermans, sai hannuna ya lafa.

Gaskiya ba duka "Eruption" nake so ba. Wurin da aka bar mai ganga shi kaɗai kusa da ƙarshe yakan gundure ni, nakan tsallake. Yanzu na koma kan mabuɗin kiɗan, inda Akkerman ke murɗa maɓallin ƙara da ƙaramin yatsa bayan ya taɓa tsirkiya, don sautin ya shigo a hankali ba a ji bugun ba. A tawa jitar maɓallin ya yi nisa da yatsan, don haka da feda nake yi.